Daga Kwanon Abinci Zuwa Kason Ɗalibi: Tarihin Tallafa wa 'Ya'yan Talakawa a Makarantun Ingila

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin wata dabara da hukumomin ilmi na ƙasar Ingila suka daɗe suna jarrabawa, watau a ware waɗansu kuɗi na musamman, bayan kason da aka saba ba kowace makaranta, domin a taimaki yaran da suka fito daga gidajen marasa hali. Mun zaɓi Ingila ne saboda daga can muka gaji tsarin makarantunmu, har sunan L.E.A. da mutanenmu suke kiran firamaren gwamnati da shi nasu ne, sa'an nan kuma mutanen sun bar lissafin abin da suka yi a rubuce, har da na kurakuransu. Ya kamata mahalarta wannan taro su lura cewa Ingila kaɗai muke nufi, domin Sikotilan da Wales kowace tana da nata tsarin ilmi dabam.

Tambayar da za ta yi ta dawo mana ita ce: ta yaya hukuma za ta gane ɗan talaka a cikin aji, kuma idan ta gane shi, a hannun wa za ta damƙa kuɗinsa?

Ciki kafin allo

Dokar ilmi ta 1870 ita ce ta buɗe ƙofar makarantun firamare na hukuma. A 1880 aka tilasta zuwa makaranta, a 1891 kuma aka ɗauke wa yawancin iyaye biyan kuɗinta. Da yaran unguwannin ma'aikata suka cika azuzuwa sai malamai suka ga abin da dā yake ɓoye a cikin gidaje, watau yara masu zuwa ba su karya kumallo ba, suna gyangyaɗi tun da hantsi. Amma kukan malamai bai motsa Majalisa ba sai da yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902 ya zo, inda aka mayar da ɗimbin samarin da suka nemi shiga soja saboda rashin ƙoshin lafiya. Kwamitin da aka kafa kan al'amarin ya ba da rahoto a 1904, a 1906 kuma aka yi dokar da ta ba hukumomin ilmi na gari izinin ciyar da yaran da yunwa ta hana su amfana da karatu. Izini ne kawai, ba a wajabta ba, kuma an ƙayyade cewa harajin da za a ɗora wa mutanen gari saboda haka kada ya wuce ɗari, watau rabin kwabo, a kan kowane fam. Hukumomi da yawa ba su ma taɓa abin ba.

Garin Bradford, inda Margaret McMillan da Fred Jowett suka daɗe suna fafutuka, shi ne ya yi fice. A 1907 likitan makarantun garin ya ciyar da yara kimanin 40 na 'yan watanni yana auna nauyinsu, aka ga suna ƙaruwa idan makaranta tana buɗe, suna ramewa idan an tafi hutu. Dokar ilmi ta 1944 ta mai da samar da abincin rana wajibi a kan hukumomi, daga 1946 kuma aka riƙa ba kowane yaro madara kyauta. Abin da ya fi muhimmanci ga bayaninmu shi ne, tun da waɗansu yara suna biyan kuɗin abinci waɗansu kuwa ana yafe musu, dole kowace makaranta ta ajiye jerin sunayen masu ci kyauta. An fara rubuta wannan jeri ne domin lissafin ɗakin girki, amma za mu ga inda ya kai.

Rahoton Plowden da unguwannin fifiko

Waɗanda suka yi dokar 1944 sun zaci idan an buɗe sakandare kyauta ga kowa, to magana ta ƙare. Shekara ashirin bayan haka bincike ya nuna ba haka ba ne. Littafin J. W. B. Douglas na 1964, wanda ya bi yara fiye da 5,000 da aka haifa a mako guda cikin watan Maris 1946, ya nuna cewa ɗan lebura da ɗan ma'aikacin ofis masu basira iri ɗaya ba sa samun rabo iri ɗaya a jarrabawar shiga sakandare. A 1965 kuma Brian Abel-Smith da Peter Townsend suka nuna cewa talaucin da ake tsammani an kawar yana nan daram, musamman a gidaje masu yara da yawa. A daidai wannan lokaci ne Shugaba Johnson na Amurka ya sa hannu a kan dokar ilmi ta 1965, wadda babinta na farko ya ware kuɗin tarayya ga gundumomi masu yawan 'ya'yan talakawa, kuma masana na Ingila suna biye da abin da ake yi a can.

Kwamitin da Uwargida Plowden ta shugabanta, wanda ministan ilmi Edward Boyle ya kafa a 1963, ya fitar da rahotonsa a kan makarantun firamare a watan Janairu 1967. Shawararsa da ta fi jan hankali ita ce, daidaita makarantu bai isa ba, sai an fifita makarantun unguwannin da suka fi talauci, a mai da su sun fi na sauran wurare kyau, domin su cike gurbin abin da gida ya kasa bayarwa. Ya kawo alamomin da za a gane irin waɗannan unguwanni, alal misali sana'ar iyaye, da yawan 'ya'ya a gida, da cunkoson ɗaki, da karɓar agajin gwamnati, da yawan fashin makaranta, da yaran da ba sa jin Turanci. Ya nemi kada aji ya wuce yara 30, a ba malamai mataimaka, a gyara gine-gine, a kuma ƙara wa kowane malami fam 120 a shekara. A fara da kashi 2 cikin ɗari na yaran ƙasar, a kai kashi 10 cikin shekara biyar.

Gwamnatin Leba ta karɓi shawarar da baki, amma hannunta bai buɗe sosai ba. Minista Anthony Crosland ya ware fam miliyan 16 don gine-gine, ƙarin albashin kuwa aka mai da shi fam 75, aka ba malaman makarantu 570 da 'yan kai daga 1968. Sa'an nan aka ba A. H. Halsey na Jami'ar Oxford jagorancin wani aikin gwaji daga 1968 zuwa 1971 a Deptford ta Landan, da Birmingham, da Liverpool, da wani yankin masu haƙar kwal a Yorkshire, tare da wani makamancinsa a Dundee. A nan aka gwada makarantun share fage na yara ƙanana, da ziyarar gidaje, da jawo iyaye cikin harkar makaranta. Rahoton Halsey na 1972 ya ce makarantar share fage ita ce hanya mafi araha kuma mafi tasiri, kuma mu a ganinmu wannan shi ne abu mafi daraja da aka samu a duk wannan zamani, ko da yake an ɗauki fiye da shekara ashirin kafin a koma kansa da gaske.

Inda gizo yake saƙa shi ne wajen ma'auni. An auna unguwa ne, alhali kuwa talauci ba ya bin iyakar unguwa. Binciken da Barnes da Lucas suka yi a makarantun Landan, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1970, ya nuna cewa mafi yawan yaran da suke cikin matsi ba sa cikin makarantun da aka fifita, kuma mafi yawan yaran makarantun da aka fifita ba sa cikin matsin da ake nufi. Ɗan talakan ƙauye, ko na garin bakin teku, ko wanda gidansu yake raɓe a unguwar masu hali, ba shi da rabo ke nan. Tun 1970 ma Basil Bernstein ya riga ya rubuta maƙala yana cewa makaranta ba za ta iya biyan bashin da al'umma ta ci ba. Da rikicin man fetur na 1973 ya zo, ga hauhawar farashi, ga rancen da Birtaniya ta nema daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 1976, sai shirin ya mutu a tsaye ba tare da an yi masa jana'iza ba. Abin mamaki, a daidai lokacin ne Faransa ta ɗauki dabarar, ta kafa nata yankunan fifiko a 1981.

Kuɗi ya bi yaro

Dokar gyaran ilmi ta 1988, ta zamanin Margaret Thatcher, ba don talakawa aka yi ta ba, amma ita ce ta share hanya. Ta karɓe yawancin ikon kashe kuɗi daga hannun hukumomin gari ta miƙa wa shugabannin makarantu da kwamitocinsu, ta kuma sa kason kowace makaranta ya dogara galibi ga yawan yaranta. Tun da kuɗi ya fara bin kan yaro, sai masanin tattalin arziki Julian Le Grand ya kawo shawara a 1989 cewa a sa wa ɗan talaka kaso mafi tsoka, domin makarantu su riƙa neman sa maimakon su guje shi. Ƙasar Holan ta riga ta fara irin wannan tun 1985, inda a lokacin aka riƙa lissafa ɗan iyaye masu ƙarancin ilmi a matsayin yaro ɗaya da kwata, ɗan baƙin haure masu ƙarancin ilmi kuwa kusan yaro biyu.

Gwamnatin Leba ta 1997 zuwa 2010 ta zuba kuɗi masu yawa, amma ta fi komawa ga tsohuwar hanyar yanki, da shirye-shirye iri iri na birane da na yara ƙanana. Wanda aka fi yabawa shi ne shirin gyaran sakandaren Landan da aka fara a 2003, ko da yake har yanzu masana suna jayayya ko shi ne ya ɗaga birnin ko kuwa ƙwazon 'ya'yan baƙi da gyaran firamare na baya. Akwai kuma wata ɓaraka. Gwamnati takan ba hukumomin gari ƙarin kuɗi gwargwadon talaucin yankinsu, su kuwa sai su raba shi kusan daidai wa daida tsakanin makarantunsu don gudun ƙorafi, saboda haka ba duka yake isa inda aka nufa ba, kuma yara biyu masu hali ɗaya a garuruwa biyu sukan sami kaso mabambanci ƙwarai.

Kason ɗalibi na 2011

Nick Clegg, wanda ya rubuta ƙasida a kan tsarin Holan tun 2002, ya sa wannan dabara a gaban alkawuran jam'iyyarsa ta Libaral Dimokurat a zaɓen 2010. Da aka kafa gwamnatin haɗin gwiwa da 'yan Konsabatib, David Cameron yana Firayim Minista, Michael Gove yana riƙe da ma'aikatar ilmi, sai aka fara biyan ƙarin kason ɗalibi a watan Afrilu 2011. Yadda abin yake aiki ba shi da wuya. A ranar ƙidayar makarantu ana duba yaran da suke cikin jerin masu cin abinci kyauta, sai a biya makaranta wani adadi a kan kowannensu, ko tana tsakiyar Liverpool ko tana ƙauye. A shekarar farko fam 488 ne a kan kowane yaro, jimla fam miliyan 625. Daga 2012 aka faɗaɗa ma'aunin ya haɗa da duk yaron da ya taɓa shiga jerin cikin shekara shida da suka wuce, bisa hujjar cewa illar talauci ba ta gushewa ranar da uba ya sami aiki. Ya zuwa 2014 jimlar ta kai fam biliyan 2.5, ana biyan kimanin fam 1,300 a firamare, fam 935 a sakandare, fam 1,900 kuma ga yaran da suke hannun riƙon hukuma ko aka ɗauke su riƙo daga hannunta. A shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 adadin ya zama fam 1,515 da 1,075 da 2,630, jimlar kuwa ta haura fam biliyan 3.

Fifita firamare a kan sakandare darasin Halsey ne aka tuna. Amma kada sunan ya ruɗe mu: ba a ɗaure kuɗin a wuyan yaron da ya jawo shi ba. Yana shiga asusun makaranta ne, shugaba ya kashe shi yadda ya ga ya dace, ko a kan yaron ko a kan ajin duka. Linzamin da aka sa masa shi ne ya bayyana a intanet abin da ya yi da kuɗin, masu duba makarantu na Ofsted su tambaye shi, a kuma buga sakamakon jarrabawar waɗannan yara dabam da na sauran. A nan ma an bambanta da Amurka, inda bayan wani rahoto na 1969 ya tona yadda gundumomi suke karkatar da kuɗin talakawa zuwa hidimomin yau da kullum, aka yi doka a 1970 cewa kuɗin ƙari ne, ba a maye gurbin na asali da shi.

Farkon abin bai ba da sha'awa ba. Rahoton Ofsted na Satumba 2012 ya gano cewa shugaba ɗaya ne kawai cikin goma ya ce kuɗin ya sauya yadda yake aiki sosai, kuma da yawa mataimakan malamai suka ɗauka ko suka ci gaba da biya. Wannan kuwa ya zo ne bayan wani babban bincike na Peter Blatchford da abokan aikinsa ya nuna a 2009 cewa yaran da suka fi samun mataimaki a gefensu sun fi sauran jinkirin ci gaba, domin akan bar raunanan yara da wanda bai da horo, malami ƙwararre kuwa ya tafi da masu ƙoƙari. Mu da muke horar da malamai ya kamata wannan ya tsaya mana a rai, domin laifin na tsarin aji ne ba na mataimakin ba, kuma gwaje-gwajen baya sun nuna idan an horar da shi ya koyar da ƙaramin rukuni bisa tsararren shiri, ana samun amfani.

Abin da ya bambanta wannan zamani da na Plowden shi ne an haɗa kuɗin da bincike. A 2011 gwamnati ta ba da fam miliyan 125 aka kafa gidauniyar EEF ƙarƙashin jagorancin Sutton Trust, aikinta shi ne gwada dabarun koyarwa a ɗimbin makarantu ta hanyar kwatanta waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba. Kundin da Steve Higgins na Jami'ar Durham ya fara haɗawa ya jera dabaru da tsadarsu da amfaninsu. Ya nuna cewa gyara wa yaro aikinsa da bayani mai ma'ana, da koya masa tsara karatunsa da kansa, da koyar da fahimtar rubutu, suna da araha kuma suna da tasiri; rage yawan yara a aji yana da tsada, amfaninsa kuwa kaɗan ne sai in an rage ƙwarai; sa yaro ya maimaita aji kuma ya fi cutarwa.

To, an ci riba?

Ma'aikatar ilmi tana da ma'aunin tazara tsakanin 'ya'yan talakawa da sauran yara. A ƙarshen firamare ya sauka daga 3.34 a 2011 zuwa 2.91 a 2019. A ƙarshen sakandare ya sauka daga 4.07 a 2011 zuwa 3.66 a 2017, daga nan ya tsaya, har ya ɗan fara hawa tun kafin annoba. A 2019 kimanin kashi 25 cikin ɗari na 'ya'yan talakawa ne suka ci Turanci da lissafi da daraja mai ƙarfi a jarrabawar GCSE, sauran yara kuwa kimanin kashi 50. Stephen Gorard na Durham ya nuna kuma cewa tattaruwar 'ya'yan talakawa a makarantu 'yan kaɗan ta ragu bayan 2011, abin da Le Grand ya yi hasashe ke nan. Da aka rufe makarantu a watan Maris 2020 saboda korona sai ribar ta zube: ma'aunin firamare ya koma 3.23 a 2022, na sakandare ya kai 3.94 a 2023. Kevan Collins, wanda aka naɗa ya tsara yadda yara za su rama karatun da suka rasa, ya ajiye aiki a watan Yuni 2021 bayan ya nemi kimanin fam biliyan 15 aka ba da 1.4.

Masu cewa wannan ya nuna kuɗi ba ya magani, a ganinmu sun yi gaggawar yanke hukunci. Cibiyar IFS mai nazarin kuɗin gwamnati ta lissafa cewa abin da ake kashewa a kan kowane ɗalibi a Ingila ya ragu da kimanin kashi 9 cikin ɗari, idan an cire hauhawar farashi, tsakanin 2009 da 2019, kuma sakandaren da suka fi talakawa su suka fi jin jiki. Kason kansa an bar shi a fam 1,320 da 935 daga 2015 har 2020. A cikin waɗannan shekaru an rufe cibiyoyin yara ƙanana da yawa, an kuma rage agajin da iyalai suke samu. Ana ba da hannun dama ana karɓewa da na hagu ke nan, kuma shugaban da rufin makarantarsa yake yoyo, ko yake fuskantar sallamar malami, ba abin mamaki ba ne ya toshe ramin da kason ɗan talaka. Duk da haka ba za mu wanke masu goyon bayan shirin ba, domin sun yi alkawarin da ya fi ƙarfin fam dubu ɗaya da 'yan kai. Cibiyar EPI ta ƙiyasta cewa a 2019 ɗan talaka yakan gama sakandare yana bayan sa'o'insa da kimanin wata 18 na karatu, kuma wani babban kaso na wannan tazara da shi yaro yake shigowa makaranta tun yana ɗan shekara biyar.

Ma'aunin kansa ma ya fara tsufa. Yaro ba ya shiga jerin sai iyayensa sun nema, akwai kuwa masu jin kunya da waɗanda ba su san hanya ba. Da aka mai da abinci kyauta ga duk yaran azuzuwan farko uku a watan Satumba 2014, iyaye da yawa suka ga ba su da dalilin cika takarda, har makarantu suka shiga roƙonsu da su yi rajista don kada kason ya kuɓuce. Ma'aunin ba ya kuma bambanta yaron da ya shiga jerin na wata uku da wanda ya yi duk rayuwarsa a ciki, alhali kuwa na biyun ne tazararsa ta fi faɗi, kuma ita ce ta fi ƙin motsi. A 2018 aka sa iyaka cewa gidan da yake karɓar agajin bai-ɗaya na gwamnati ba zai cancanta ba sai abin da yake samu daga aiki bai wuce fam 7,400 a shekara ba, aka bar adadin haka farashi yana ta hawa, aka kuma yi dokar wucin gadi cewa wanda ya riga ya shiga ba za a cire shi ba. Wannan, tare da annoba da tsadar rayuwa, ya sa masu cancanta suka tashi daga kimanin kashi 14 cikin ɗari a 2018 zuwa kusan kashi 26 a Janairu 2025, watau yara kusan miliyan 2.2, har ya zama da wuya a kwatanta sakamakon wata shekara da na wata, domin mutanen da ake ƙirgawa ba iri ɗaya ba ne.

A watan Yuni 2025 gwamnatin Leba ta ba da sanarwar cewa za a ba duk yaran gidajen da suke karɓar agajin bai-ɗaya abinci kyauta, ta sa Satumba 2026 ya zama lokacin farawa, ta kuma ƙiyasta ƙarin yara fiye da 500,000. Amma ta ce kason ɗalibi ba zai bi wannan faɗaɗawa ba, za a ci gaba da lissafa shi a kan tsohuwar iyakar fam 7,400 yayin da ake sake duba yadda za a riƙa auna talauci. Bisa wannan tsari, a aji guda za a sami yara biyu suna karɓar kwano ɗaya a layi ɗaya, ɗaya yana jawo wa makarantarsa ƙarin kuɗi, ɗayan kuwa ba ya jawo ko kwabo.